Man kwakwa ko man kaɗe, wanne 'yar koyo za ta fara da shi?

Wata 'yar uwa daga unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin Gana, ta tambaya. Tana so ta fara yin sabulu a gida, irin na kostik soda wanda ba a dafa shi a wuta, sai ta ga wasu na yi da man kwakwa, wasu da man kaɗe. Wanne za ta saya?

'Yar uwa, kafin komai ki sani kowane mai da yawan sodar da yake ci. Kilo ɗaya na man kwakwa yana cin kimanin giram 183, na man kaɗe kuwa 128 kawai. Ni nan na taɓa ɗaukar awon man kwakwa na yi da man kaɗe, don shi nake da shi a ranar. Da na zo yanka, sabulun sai marmashewa yake yi kamar busasshen ƙuli-ƙuli, fari fat, kuma da na wanke hannu da guntunsa sai da tafina ya yi ta raɗaɗi har dare. Saboda haka ki sayi ƙaramin sikeli tun kafin ki sayi mai. Gwangwanin madara ba ya awo a nan.

Man kwakwa kumfa gare shi, ko a ruwa mai gishiri yana tashi, kuma sabulunsa yana yin tauri da wuri. Matsalarsa ita ce yana kwashe maiƙon fata. In kin yi shi zalla, na wanki ne da wanke-wanke, kada ki yi wa yaro wanka da shi, balle da hunturu.

Man kaɗe, wanda Asante ke kira nkuto, shi kuma rowar kumfa gare shi. Za ki yi ta cuɗawa, abin da zai fito ɗan santsi ne kamar madara. Amma akwai wani ɓangare a cikinsa da soda ba ta iya mayar da shi sabulu, shi ne yake barin jiki da laushi. Yana kuma saurin kauri, kina cikin juyawa sai ki ga ya kama kafin ki jawo mazubi. Ki nemi mai kyau irin wanda ake kawowa daga Tamale ko Wa, ki shafa a bayan hannu, in ya narke bai bar tsaki-tsaki ba, to.

Ni dai a ganina kada ki ɗauki ɗaya ki bar ɗaya. Gwada rabin kilo: man kwakwa giram 150, man kaɗe 100, manja 250, soda 72, ruwa 160. Na rage sodar kaɗan da gangan don sabulun ya yi sanyi a fata. Manja zai ba shi launin ruwan goro, in ba kya so ki nemi wanda aka cire wa launi.

Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Zai yi zafi sosai ya tayar da tururi mai shaƙewa, ki yi a tsakar gida, da safar hannu da tabarau, yara na nesa. Tukunyar alminiyam kuma a kul, soda na cin ta. Bayan ya huce ki haɗa da narkakken mai, ki juya har ya yi kaurin koko, yadda in kin ɗiga a kai zai bar shaida.

Kwana ɗaya ko biyu ki cire ki yanka, sannan ya sha iska sati 4 zuwa 6. Da daminar Ankara za ki ga yana gumi, ba lalacewa ya yi ba, laimar iska yake ja. Ki jera shi a kan katako inda iska ke ratsawa, ki riƙa juya shi.