Minti biyar na fim, kalma 1,750: yadda ake jarrabawar fim a wata sakandare a Jidda

'Yan uwa na gida, barkanmu da warhaka. Takardar aiki guda ɗaya ce ta sa nake rubuto muku, ta ɗaliban ajin ƙarshe a wata sakandare mai zaman kanta a nan Jidda, cikin masu bin manhajar ƙasa da ƙasa ta IB, wato International Baccalaureate. Darasin shi ne nazarin fim. Ana ba yaro ɗan shekara 17 fim, ya zaɓi yanki guda a ciki wanda bai wuce minti biyar ba, a jere babu tsallake, ya rubuta sharhi a kansa da zai iya kaiwa kalma 1,750. Manhajar ba ta gwamnatin Saudiyya ba ce, daga waje aka zo da ita. Duk da haka abin ya girgiza ni, don a ƙasar nan sai a watan Afrilun 2018 aka sake buɗe gidan sinima a Riyad, bayan kimanin shekara 35 a rufe.

Me yaro zai faɗa har kalma 1,750 a kan minti biyar? Ba labarin ake tambayarsa ba. Duk wanda ya zauna yana zayyana cewa wance ta so wane, iyaye suka hana, ya zubar da makinsa tun a shafin farko. Abin da ake nema shi ne dalili. Me ya sa aka ajiye kyamara a ƙasa tana kallon maigida sama, aka ɗaga ta tana kallon ɗan aiki ƙasa? Daga wane ɓangare haske ya faɗo a fuska, kuma me aka bari cikin duhu? Sau nawa edita ya yanka hoton, me ya sa yankan ya riƙa sauri da rigima ta kaure? Ina aka tsayar da kiɗa aka bar shiru? Sannan ya ɗaure duk wannan da zamani da ƙasar da aka yi fim ɗin.

Malamin da ya san aikinsa yakan nuna yankin sau uku: da farko yadda yake, sai a kashe sauti a kalli hoto zalla, sai a rufe allon a saurari sauti kaɗai. Daga nan kowa ya ja layi a takarda, ya rubuta daƙiƙar da kowane yanka ya faɗo. Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne jera sunayen dabaru kamar karatun hadda. Yaro zai ce an ɗauki fuska kusa-kusa, ya yi shiru, bai faɗi abin da hakan ya sa mai kallo ya ji ba. Rabin amsa ke nan, kuma makin ma rabi ne.

Darasin yana da mataki biyu, ƙarami da babba. A ƙaramin mataki wannan sharhi yana ɗauke da kashi 30 cikin 100. Wani kashi 30 na bidiyo ne da bai wuce minti goma ba, inda ɗalibi zai kwatanta finafinai biyu daga wurare ko zamani mabambanta, da muryarsa. Sauran 40 aikin hannu ne: ya riƙe matsayi uku, misali mai kyamara, edita da mai sauti, a kowane matsayi ya kawo hoton da bai wuce minti uku ba da shafi uku na bayanin abin da ya nufa da abin da ya samu. Masu babban mataki ana ƙara musu fim na haɗin gwiwa, minti bakwai, mai kashi 35, sai kason sauran ayyukan ya ragu. Babu zaman zauren jarrabawa ko ɗaya. Malami ne ke ba da makin aikin hannun, amma ana tura samfuri waje a sake dubawa, idan aka ga ya cika sakin hannu sai a rage wa ajin duka. "Malam a taimaka" ba ta da wurin zama a nan.

Aikin hannun ne ke fasa kwai. Sauti ya fi hoto kayar da yara, domin kowane ɗaki a Jidda na'urar sanyaya iska ce ke gurnani a ciki. Kunne ya saba da ita, makirfo bai saba ba. Dole a kashe ta, a ɗauka cikin zufa, a kuma naɗi minti ɗaya na shirun ɗakin don cike giɓi wurin editin. Sai haske: farar jallabiya a tsakar rana takan ƙone ta zama fari fat babu zare, baƙar abaya ta zama dunƙulen duhu, fuskar yaro baƙar fata kuma ta ɓace a tsakaninsu idan aka bar kyamara ta auna da kanta. Maganinsa a auna hasken a kan fuska, a kafa farin kwali yana mayar da haske, a jira bayan la'asar. Kiɗan wani mai haƙƙin mallaka ba a ɗauko shi a liƙa. Wannan kam ya kamata masu kwaso karin waƙar Indiya a gida su ji shi da kyau. Ɗaukar mutane a titi ba da izininsu ba ma haɗari ne, don dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, kan keta sirrin mutum da kyamarar waya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'ya'yanmu ba su cikin ajin. Kuɗin makaranta mai nauyi ne, baƙo kuma yana biyan harajin kashi 15 a kai, wanda gwamnati ke ɗauke wa ɗan ƙasa. Ga riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarka, wato takardar izinin zamanka a ƙasar. Karatun da Turanci ne, wanda ba shi da iƙama kuwa ko ƙofar ba zai gani ba. Yaran Hausawa na unguwannin Karantina da Hindawiyya a nan Jidda, da na Shara Mansur a Makka, suna nan manne da waya suna kallon finafinan Kano, sun haddace muryar kowane jarumi, amma babu mai koya musu kallon. Ga Jami'ar Effat a Jidda tana koyar da fim, ga bikin finafinai na Red Sea tun 2021.

Mu fa tun 1990 aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano. Hukumar tace finafinai muka kafa a 2001, maganar ƙauyen fim ta watse a 2016, har yau yaro yana koyon sana'ar ne ta hanyar ɗaukar jaka da jan waya a lokeshan. Tambayarmu kullum ɗaya ce, akwai faɗakarwa ko babu, ba ma tambayar yadda aka gina ta. Alhali malamin Hausa na sakandare ya riga ya riƙe rabin kayan aikin: jigo, warwarar jigo, salo, zubi da tsari, taurari, duk yana koyar da su a wasan kwaikwayo. Abin da zai ƙara shi ne kyamara, haske, sauti da yanka. Waya ɗaya mai caji ta isa ajin mutum 40 idan aka raba su rukuni takwas, kowane rukuni ya kalli minti biyar ɗin sau uku, ya kawo shafi ɗaya ranar Litinin.