Mai fentin da ya sa na jira wata biyu da rabi

Ƙofar gidanmu ta ƙarfe ce, a Panteka ta Kaduna aka ƙera mana ita, kuma yamma take kallo. Rana ta cinye fentinta, feshin ruwa ya sa tsatsa ta kama gindinta. A watan Agusta, da aka sa ranar auren 'yata, na ce ba za a karɓi baƙi ta wannan ƙofa a haka ba. Maƙwabciyata ce ta turo mini wani mai fenti daga Tudun Wada, kuma aikinsa nake so in yi magana a kai.

Ya zo ya shafa ƙofar da tafin hannu, ya ɗaga kai ya kalli sama, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba yanzu ba." Raina ya ɓaci, don kuɗina na hannu. Ya yi mini bayani cewa a marka ƙarfe kan kwana da danshi, in aka shafa fentin mai a kai sai ya yi ƙuraje, ya riƙa ɓarewa. Ya ce kada kuma in bari hunturu ya kankama, domin ƙurar Disamba da Janairu na manne wa ɗanyen fenti, ƙofa ta yi kaushi kamar samfefa. Sai ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba.

Shi ne kuma ya tambaye ni ko na sanar da kwamiti. Wallahi na manta da zancen. A rukunin gidajenmu da ke Barnawa akwai takardar da kowa ya sa wa hannu: ƙofar waje da get sai baƙi, ko ruwan toka, ko ruwan ƙasa, a gaya wa sakatare mako guda kafin aiki, ma'aikaci ya rubuta suna wurin maigadi, ya fita kafin magariba. Ni kore shar nake so, har na zaɓa a zuciyata. Na je da kaina na roƙa, sakatare ya ce in aka bar ni sai an bar kowa. Har yanzu ina ganin dokar ta yi tsauri, ƙofata ce fa, amma da na sayi galan ɗin koren da na yi asara. Baƙi nake shirin ɗauka, mai fentin ya hana ni, ya ce ƙofar da ke shan ranar la'asar in baƙa ce, a watan Maris ba a iya taɓa ta don zafi. Muka tsaya a kan ruwan toka mai haske.

Kwana uku ya yi. Ranar farko ya kankare tsatsar da burushin waya da samfefa, ya goge da tina, ya shafa jan fentin nan mai hana tsatsa. Shafi biyun da suka biyo baya ya raba su da kwana guda, kuma da hantsi yake yi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta juyo. Mariƙi da makulli duk ya naɗe su da salatif.

Inda ya gaza mini biyu ne. Bai faɗa mini tun farko cewa ƙofar za ta yini a buɗe ba, sai da na zaunar da ɗan autana yana gadi, sauro kuwa ya cika falo. Sannan ya ɗiga fenti a tayil ɗin baranda, sai da na kira shi sau uku kafin ya dawo ya goge.

Naira 25,000 na ba shi na hannu, kayan aiki ni na saya. Ƙofar ta ga biki, ta ga hunturu, ta ga damina guda, gindinta bai sake yin ja ba. Get ɗin ma shi zan ba, na riga na kai wa sakatare takarda.