Google Earth Pro: yana nuna zobe, amma ba ya faɗin mafarinsa

A wajen mai lissafi, da'ira siffa ce kawai. Shi kuwa masanin duwatsu, in ya ce "ramin faɗowar dutse daga sama" ko "zoben narkakken dutse", tarihin wurin yake ba ka. A tsakanin nan ne za a auna Google Earth Pro na kwamfuta, mai nuna hoton doron ƙasa daga sama, wanda ya zama kyauta tun 2015.

Wajen awo dai ba shi da laifi. Danna alamar rula, ka ja layi daga wannan bakin zoben da ke ƙasa zuwa wancan, ka adana shi, sannan ka danna masa dama ka zaɓi "Show Elevation Profile". Nan take zai zana maka hawa da gangarar ƙasar. A saitin 3D ana iya ninka tsayin tuddai har sau 3, amma a tuna a mayar da shi 1, in ba haka ba ɗan tudu sai ya koma maka Dutsen Zuma.

Gwada shi da wurare huɗu. Tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi yana cikin rami mai faɗin kilomita 10.5, wanda dutse daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Aorounga a arewacin Chadi ma haka ne, faɗinsa kusan kilomita 13. Richat ta Mauritaniya kuwa, mai faɗin kimanin kilomita 40, ta fi su kama da wurin da wani abu ya faɗo, har masana sun taɓa zaton haka. Ashe ƙasa ce ta kumburo kamar an kife ƙwarya, zaizaya ta cinye samanta, shimfiɗun duwatsun suka fito zobe-zobe kamar an yanka albasa. Na huɗu shi ne Meugueur-Meugueur a tsaunukan Ayar na Nijar, zobe mai faɗin kilomita 65, inda narkakken dutse ya cika tsaga mai kewaye ya daskare.

Duka huɗun zobe ne a ido, ga hoto tangaran, amma asalinsu iri uku ne. Manhajar ba ta da taswirar nau'in duwatsu a cikinta, ba ta kuma nuna shekarunsu. Shaidar faɗowar dutse tana cikin ƙwayoyin ma'adinin kwatz da bugun ya tsattsaga, sai an yanka samfuri siriri an duba a madubin ƙara girma.

Wani cikas kuma, ƙananan ramuka kan fito a baje a zanen tsayi, don awon bai kai ga ƙananan abubuwa ba. Manhajar tana kuma shan data sosai. Malamin da zai shiga aji da ita gara ya buɗe wuraren tun yana da intanet, ma'ajiyarta na riƙe har kusan gigabait 2.