Sharhi: Aikin wani fita (makanike) a Suame Magazine kan karkarwar Marsandi W123

Motar Mercedes-Benz 240D ce, samfurin W123, ƙirar 1982, mai giya huɗu ta hannu. A cikin gari lafiya lau, amma da ta hau hanyar Accra, aka wuce Ejisu ta kai kilomita 90 a awa, sai gurnani ya taso daga ƙarƙashin kujera, madubin ciki ya riƙa rawa har ba a gane motar da ke baya. Sitiyari kuwa shiru. An yi wa tayoyi balansi sau biyu a banza, kafin aka kai ta wani gareji a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi ta ƙasar Ghana.

Abin da ya fara burge ni, mastan garejin bai taɓa sifana ba sai da ya tuƙa motar. A hanyar Offinso ya kai ta gudun da take karkarwa, ya taka kulochi ya sa giya firi, injin ya sauka amma karkarwar na nan. Wannan gwajin yana da muhimmanci a motar nan, domin a giya ta huɗu injin da farfela, wato sandar da ke kai juyin injin zuwa tayoyin baya, juyi ɗaya suke yi, kunne ba ya raba su. Da aka tsaya ya ba injin wuta tana tsaye, jiki bai yi rawar ba. Injin da kulochi sun fita daga zargi ke nan.

Saura taya da farfela, kuma lissafi ke raba gardamarsu. Tayar 175 R14 tana juyi kusan 14 a daƙiƙa idan ana gudun kilomita 100. Aksul na bayan 240D yana da rabon 3.69, wato farfela tana juyi 3.69 a kowane juyi ɗaya na taya, don haka farfela tana juyi sama da 50 a daƙiƙa, wajen 3,100 a minti. Laifin taya jijjiga ce da ake iya ƙirgawa, tana kaɗa sitiyari ko kujera. Na farfela zuuu ne mai ƙaiƙayi a tafin ƙafa. Mastan bai yi wannan lissafi da biro ba, tafin hannu ya ɗora a kan tudun da ke tsakanin kujerun gaba, amma amsar ɗaya ce.

A kan rami aka ga komai. Farfelar W123 gida biyu ce: faifan roba a gaba wajen giyabos, wani a baya wajen aksul, boris a tsakiya cikin zoben roba, da kuros guda ɗaya, wato gaɓar da ke ba farfelar damar lanƙwasa. Zoben tsakiya ya yage kusan rabi, ana tura farfelar da hannu tana lilo. Faifan gaba ya tsattsage a bakin ramukan noti, zare ya leƙo waje. Babban laifin kuma na wanda ya taɓa buɗe ta ne a baya: ya raba gidajen biyu bai sa alama ba, ya mayar da haƙoran ba a mazauninsu ba. Farfelar nan a haɗe aka yi mata balansi tun daga masana'anta, ko haƙori ɗaya aka goce an ɓata ta. Sai da aka wanke ta da kananzir aka gano tsohuwar alama, aka daidaita.

Wurin ɗaurewa ma ya san aikinsa. Bai ɗaure babban notin tsakiya da notocin boris ba sai da motar ta tsaya da nauyinta a kan tayoyi, yaran shago suka tura ta gaba da baya 'yan lokuta, farfelar ta nemi tsawonta da kanta. Fitoci da yawa suna ɗaurewa mota tana rataye a jak, sabon zoben ya zauna a karkace, bayan 'yan watanni ya sake yagewa a ce kaya ne ba su da kyau. Ya kuma duba robar da giyabos ke zaune a kai da ɗan bushin da ke bakin farfela, waɗanda aka cika mantawa da su.

Inda aikin ya gaza, a gaskiya, kayan aiki ne. Babu sifanar auna ƙarfin ɗauri a shagon, bututu ake zura wa sifana a danna da ƙarfin ƙirji, alhali notin taya a motar nan 110 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) yake so. Yaron da aka ba boris ya fara buga shi da guduma kai tsaye sai da aka tsawata masa. Tsofaffin notocin faifan, masu kulle kansu da ba a maimaita su, za a mayar da su da ba a yi magana ba. Roba kuwa iri-iri ce a Magazine, mai araha tana kama da ta ƙwarai a ido. A nan aka sa ta kamfanin Lemförder, kuma mai mota ya fi kyau ya bi yaron zuwa shagon kaya ya ga kwalin da idonsa.

Bayan gyara, daga 90 zuwa 105 madubi ya tsaya cak. Wajen 110 akwai ɗan gurnani da ya rage, kuma mastan bai ɓoye dalili ba: kuros ɗin ya fara cijewa a tsakiya. Na W123 a daddatse yake cikin mazauninsa, ba zoben ƙarfe ke riƙe shi ba, kuma shagon ba shi da injin yi wa farfela balansi. Ya ƙi yankewa da walda, ya ce a nemo farfela ta gwanjo cikakkiya, gidajen biyu daga mota ɗaya, a lanƙwasa kuros ɗin da hannu ta kowane ɓangare kafin a biya kuɗi. Idan ba a samu a Suame ba, sai Abossey Okai, kasuwar kayan mota da ke Accra.