Littafin sauraron da na saya dala ɗari

Dala ɗari (sefa 500) na ba wani mai turi a bakin babbar kasuwar Maraɗi ya zuba mini littafin sauraro a waya, kashi 24. Dare shida muka yi muna jin sa a fadarmu ta unguwar Zariya, ana zagaya shayi. Muryar mai karatun garau take, ta kuma iya sauya harshe idan tsohuwa ce ke magana. Sai dai daga kashi na 15 aka cusa wani kiɗa da ke danne maganar, kashi na 19 kuma rabi ne kawai. Da na koma, mai turin ya ce haka shi ma ya samo shi.

Labarin wani gari ne na ƙage a tsakiyar hamada. Dokokinsa uku: ba mai fita sai da hatimin sarki, dogarai na shiga gida duk sa'ar da suka so, ɗan baiwa kuma bawa ne har jikokinsa. Biyun farko ba su ja gardama ba. Wani ƙanenmu da ke karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya buɗe kundin tsarin mulkin Nijar na 2010 a wayarsa, ya karanto mana aya ta 32 mai ba kowa damar kai da kawowa, da ta 27 mai hana keta gidan mutum. Wani ya tuna masa an jingine kundin tun Yulin 2023, aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Doka ta uku ce ta hana ni barci. Abokina cewa ya yi: "Malam, wannan marubuciya ta cika gishiri, bauta ai sai a tatsuniya." Ni kuwa Hadizatu Mani ce ta faɗo mini a rai. Tana shekara 12 aka sayar da ita a yankin Ƙonni, ta zama wahaya, wato baiwar da ake riƙewa kamar mata ta biyar, a gidan wani mutum. Sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin laifuffukan da ake ɗauri a kansu, shekara 10 zuwa 30. Duk da haka sai da Hadizatu ta kai ƙara kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (CEDEAO), wadda a Oktoban 2008 ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Aya ta 14 ta kundin nan da ta haramta bauta da azabtarwa ba don ado aka rubuta ta ba, akwai masu rai da suka san dalilinta.

A nan ne littafin ya ba ni haushi. Baiwar labarin ta sha wuya kashi ashirin, ba ta da alƙali, ba ta da inda za ta kai kuka, kuma an zana wannan da kyau ƙwarai. Ina jiran in ga ta tsaya da ƙafarta, sai ga yarima mai tausayi ya gan ta a bakin rijiya, ya aure ta, shi ke nan an tashi. Sauran bayin garin fa? Ko ambatonsu ba a sake yi ba, dokar ma tana nan daram.

Ban yi asarar dala ɗarina ba, kashi goman farko kaɗai sun biya ni. Mai son saye ya sa a kunna masa kashi na 19 tun yana tsaye a gaban mai turin.