Wace hanya za ka zaɓa don manhajarka ta gane an zare kebul?

Duk mai rubuta manhaja don ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi, ko kwamfutar kanti da ke tura lissafi zuwa sabar, wata rana zai buƙaci manhajarsa ta san an sa kebul ɗin sadarwa ko an zare shi. A Linux hanyoyi uku ne suka cancanci a auna su kafin a ɗauki ɗaya.

Mafi arha ita ce karanta fayil ɗin /sys/class/net/eth0/carrier. In ya nuna 1 akwai haɗi, in 0 babu. Layi biyu na Python ko Bash sun wadatar. Sai dai fayil ɗin ba ya kiranka, kai ne za ka riƙa leƙa shi bayan kowace daƙiƙa ko biyu, domin inotify, tsarin Linux mai sanar da canjin fayil, ba ya kawo labarin canjinsa. Idan aka zare kebul aka mayar tsakanin leƙe biyu, abin ya wuce ka. Akwai wani tarko kuma: in an kashe katin sadarwa, wato inda kebul ke shiga na'ura, da umarnin ip link set eth0 down, karanta fayil ɗin kuskure zai dawo maka da shi, ba 0 ba. Sunan katin ma kada ka ɗauka kullum eth0 ne, a na'urori da yawa yanzu enp3s0 ne ko makamancinsa.

Hanya ta biyu, wadda ni na fi so, ita ce netlink, hanyar da Linux ke aika wa manhajoji saƙonni kan sadarwa. Ka buɗe soket na AF_NETLINK da NETLINK_ROUTE, ka shiga rukunin RTMGRP_LINK, ka zauna jira. Da zarar yanayin kati ya canza, Linux da kansa zai aiko da saƙon RTM_NEWLINK, kai kuma ka duba alamar IFF_LOWER_UP a ciki. Babu leƙe-leƙe, babu ɓata ƙarfin na'ura, labari kuma yana zuwa nan take. Wahalarta tana wajen warware saƙonnin in da C kake rubutu, amma libnl ko libmnl na rage nauyin, masu Python kuma suna da pyroute2. Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, buga ip monitor link, ka zare kebul, ka ga abin da ke fitowa. Ka tuna netlink canji yake faɗa maka, don haka a farkon tashin manhaja sai ka tambayi halin da ake ciki da kanka.

Ta uku ita ce ka jingina da NetworkManager, manhajar da ke kula da haɗin sadarwa, ko ta D-Bus (hanyar da manhajoji ke magana da juna) inda katin kebul ke da sifar Carrier, ko ka ajiye rubutunka a /etc/NetworkManager/dispatcher.d. Tana da kyau a kwamfutar tebur mai Ubuntu ko Fedora. A na'urar da ba a girka shi ba kuwa, ba ka da komai a hannu.

Masu Windows nasu daban ne: GetIfEntry2 na ba da MediaConnectState, a .NET kuma akwai NetworkChange da OperationalStatus.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora wa waɗannan hanyoyi nauyin da ba nasu ba. Dukkansu abu ɗaya suke gani, wato ko katinka na jin sigina daga ɗaya ƙarshen kebul. In aka ɗauke wuta rauta, na'urar da ke raba intanet, ta mutu, manhajarka za ta ga daidai abin da za ta gani in mutum ya fizge kebul, saboda haka kada ka rubuta wa mai amfani "an zare kebul", rubuta "babu haɗi". Haka nan 1 a fayil ɗin carrier ba ta nufin intanet ya zo. Ana iya jiran adireshi daga DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, kuma suwic, akwatin da ke haɗa kebul-kebul, mai amfani da tsohon tsarin STP na hana bayanai zagaye yakan riƙe kafar da aka sa wa kebul kusan daƙiƙa 30 kafin ya bar bayanai su wuce. Kebul mai sakakken kai kuma yakan yi ta haɗuwa yana yankewa, don haka ka jinkirta daƙiƙa biyu ko uku kafin ka ɗauki mataki.

In ɗan rubutu ne da zai duba sau ɗaya ya fita, ɗauki fayil ɗin carrier. In manhaja ce da za ta kwana tana aiki a na'urar da ba kowa kusa da ita, netlink za ka ɗauka, ka haɗa da gwajin isa ga sabar ɗinka kafin ka fara tura bayanai.