Sharhi kan cinikin sabuwar tirelar tafi-da-gidanka a Pennsylvania

Duk wanda ya biya kuɗin da aka liƙa a jikin sabuwar tirelar tafi-da-gidanka a Amurka, ya yi wa dillali kyautar dubban daloli. Tawa, irin wadda Amurkawa ke kira RV, na saye ta a ƙarshen Oktoban 2023 wurin wani babban dillali da ke kusa da Harrisburg. Tana da ɗakin kwana, gadajen yara na sama da ƙasa, kicin da banɗaki, kuma da a-kori-kurata nake jan ta. An rubuta mata dala 42,000 da ɗoriya. Na fita da ita a kan dala 31,500, har da haraji da lamba. Ga ra'ayina a kan dillalin da kuma kayan, domin 'yan uwa mazauna nan da ke sha'awar fita da iyali hutu ba tare da wahalar otal da neman abincin halal a hanya ba.

Kafin ka taya, ka san kasuwar. Mafi yawan waɗannan tireloli a arewacin jihar Indiana ake ƙera su, a garin Elkhart da kewaye. Sunayen da ke jikinsu suna da yawa, amma masu su kaɗan ne. Jayco da Keystone da Airstream duk na kamfanin Thor ne, Grand Design na Winnebago ne tun 2016, Forest River kuwa yana hannun Berkshire Hathaway na Warren Buffett tun 2005. Firji da murhu da na'urar sanyaya ɗaki ma galibi daga hannun masu samarwa iri ɗaya suke fitowa. Saboda haka idan dillali ya ce maka babu irin wannan a ko'ina, ka leƙa filin maƙwabcinsa, za ka tarar da mai tsari kusan ɗaya da wani suna.

Lokaci ma ya taimake ni. A 2021, lokacin korona, masana'antun sun fitar da RV iri-iri sama da 600,000, jama'a na rububi, babu mai sauraron tayi. A 2023 adadin ya faɗo zuwa kusan rabin haka. Dillalai kuma da bashin banki suke cika filayensu, kowane wata suna biyan ruwa a kan duk tirelar da ba ta fita ba. A gefen hagu ta gaba akwai wata 'yar takarda da aka manna mai ɗauke da wata da shekarar ƙira. Na durƙusa na karanta ta tawa, na ga ta kusa shekara a ajiye, ga sanyi na shigowa, ga sababbin samfuri sun fara isowa. Daga nan na san wanda ya fi matsuwa a tsakaninmu.

Na je babban baje kolin RV da ake yi a garin Hershey, kusa da Harrisburg, duk watan Satumba, kuma ina ba da shawarar a je, amma don kallo. Ka shiga, ka kwanta a gado, ka tsaya a banɗaki ka gwada ko za ka iya alwala a ciki. Ragin da suke cewa na ranar ne kaɗai, na sami wanda ya fi shi bayan an watse.

Abin da ya yi mini aiki shi ne imel. Na rubuta wa dillalai da dama, har da na Ohio da Indiana, saƙo iri ɗaya: ga samfuri, ga shekara, a rubuto mini jimillar abin da zan biya in fita da ita, komai da komai. Wannan jimilla ita ce ciniki. Wasu sukan yi ragi mai daɗin ji a sama, sannan su dawo da shi ta ƙasa da sunan kuɗin dako daga masana'anta, kuɗin shiryawa, kuɗin takardu. Takardar farko da dillalina ya aiko tana ɗauke da irin waɗannan ƙare-ƙare na kusan dala 3,500. Harajin jiha na kashi 6 cikin ɗari da kuɗin rajista babu mai ɗage maka su. Sauran duk abin tattaunawa ne, kuma ban ɓata bakina wajen gardamar kowanne ba. Na ce su kira su da sunan da suka ga dama, ni dai ga jimillata.

Mai sayarwar mutumin kirki ne, bai raina ni ba, bai kuma gaji da tambaya ba. Sai dai akwai al'adarsu ta tashi a je a “tambayi manaja” a bar ka zaune. Da ya dawo da 34,000, na nuna masa tayin wani dillali a waya, na yi godiya, muka kama hanya. A mota uwargida ta ce, “Maigida, anya ba mu yi tsauri da yawa ba? Yara fa sun riga sun raba gadaje.” Na ce ta ba su kwana biyu. Wanda ya taɓa ciniki a Kantin Kwari ya san “albarka” ta farko ba ita ce ta ƙarshe ba. Kafin wata ya ƙare suka kira, suka sallama.

Inda na fi son Musulmi ya buɗe ido shi ne ofishin biyan kuɗi. Dillali yana samun la'ada daga banki idan ya haɗa ka da bashi, kuma bashin irin wannan kaya yakan kai shekara 15 ko 20. Shi ya sa tambayarsu ta farko ita ce nawa za ka iya biya a wata. Ni na tara kuɗina ne don guje wa riba. Da na faɗi haka tun farko, da sun riƙe farashi don cike gurbin la'adar da za su rasa. Ban yi ƙarya ba, na dai ce mu gama maganar kuɗin kaya tukuna, kuma na sa aka rubuta cewa farashin yana nan ko ta wace hanya na biya. Da na fito da cekin banki, fuskar jami'in ta canja. Ya shiga tallar ƙarin garanti, da maganin kare fenti, da inshorar taya, yana maimaitawa bayan na ce a'a. Wannan zaman bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, kuma shi ne babban abin da ya rage wa wurin daraja a idona. Gyara kuwa na samu: batir, tulunan gas biyu cike, da ƙarfen jan tirela mai rarraba nauyi, an ɗaura mini kyauta.

Kafin alƙalami kawai na bayar, da sharaɗin sai na duba na gamsu zan cika. Ranar ɗauka na sa aka haɗa ruwa da wuta, na kunna komai. Na sa hannu ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na ji katakon da danshi, ashe mahaɗin bututu ne ba a ɗaure sosai ba. Na hau rufi na bi layin danƙon da aka toshe mahaɗai da shi, na sami inda ya tsage kusa da tagar iska. Ƙofar wani kabad ma ba ta rufuwa. A ranar aka gyara duka, don ba su karɓi kuɗinsu ba tukuna.

Tirelar kanta ta biya mu. Tana bin mota lafiya, kicin ɗin ya ishi uwargida ta tuƙa tuwo, kuma akwai fili a tsakiya da mutum biyu za su yi sallah idan ana ruwa. Katifar da ta zo da ita ba ta da kirki, mun sauya. Aikin katakon ciki mai sauƙi ne, kusoshi na kwancewa da jijjigar hanya, don haka sukudireba ba ta barin aljihun ƙofa. Ka kuma lissafa kuɗin inshora, da na wurin ajiya idan unguwarku ba ta yarda a ajiye a gida ba, da zuba maganin hana daskarewa a bututu kafin hunturu.

Sashen gyaransu ne ya fi ba ni haushi. Da na'urar dumama ruwa ta tsaya a cikin garantin shekara ɗaya, tirelar ta yi makonni a wurinsu a tsakiyar lokacin zafi, ana jiran amincewar masana'anta, kuma sai na kira ake gaya mini inda aka kwana. Wanda ya sayo daga wata jiha don araha ya sani cewa dillalan gida sukan fara da nasu masu sayen, don haka ragin dala ɗari biyar bai kai a yi nisa ba. Zan iya sake saye a wurinsu, amma sai an rubuta mini a takardar ciniki iyakar kwanakin da gyaran garanti zai ɗauka kafin a fara shi.